Harafi Ɗaya Namu, Uku Nasu: Faɗin Lokaci da Turanci a Makarantun Jega, Aliero da Maiyama

Wataƙila wani mai karatu zai yi mamakin ganin maganar Turanci a cikin mujallar ɗaliban Sashen Hausa, har ya ce me ya haɗa kifi da kaska. To, abin da ya haɗa su shi ne yaron da ke zaune a aji. Da Hausa ya tashi, da ita yake tunani, amma da Turanci za a yi masa hukunci ranar jarrabawa. Kuma da yawa daga cikinmu aikin koyarwa za mu kama in mun sauke karatu, wanda kuwa ya san makarantun karkara ya san ba kullum ake duba takardar shaidar malami ba kafin a miƙa masa alli a ce ya shiga ajin Turanci. Saboda haka nake so mu dubi wata 'yar matsala da ake rainawa, watau yadda ɗaliban ƙasar Gwandu, musamman na Jega da Aliero da Maiyama, ke fama da ƙananan kalmomin nan uku na Turanci, "at" da "in" da "on", duk sa'ad da za su faɗi lokaci. Ra'ayina shi ne bulala da hadda ba za su warkar da wannan ciwo ba, domin maganinsa yana cikin nahawun Hausa, mu ne kuwa ke riƙe da shi.

Irin waɗannan kalmomi ba baƙi ba ne ga mutanen wannan ƙasa. Duk almajirin da ya zauna zaure ya karanta Ajuruma ya san su da sunan haruffan jarri, ya kuma san cewa ƙanƙantarsu ba ta hana su juya ma'anar zance. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 aka rufe shi a Gwandu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarfu, har yau kuma malamai suna karantar da su. Ƙasar da ta gāji irin wannan ba za a ce 'ya'yanta ba su da kan nahawu ba. Abin da ya bambanta shi ne, malamin zaure yana ɗaukar kowace kalma ta Larabci ya fassara ta da Hausa, ya nuna inda harsunan biyu suka dace da inda suka saɓa, alhali malamin Turanci sau da yawa an hore shi ya ɗauki Hausa tamkar abokiyar gaba, har a waɗansu makarantu akan ci tarar yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi ta a aji.

Bari mu fara da namu. Bahaushe ya yanka wuni da kwana gunduwa-gunduwa, ya ba kowane yanki sunansa: asuba, sassafe, safe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, isha'i, dare, tsakar dare, talatainin dare. A bakin mutanen Jega da maƙwabtansu za ka ji "da sahe" da "da marece" da "lisha", amma tsarin ɗaya ne. Wasu daga sunayen nan rana ce ta ba da su, wasu kuwa salla ce. Abin lura a nan shi ne, duk yawansu harafi guda ne ke shigar da su cikin jimla, watau "da". Da asuba, da hantsi, da azahar, da almuru, da dare, da ƙarfe uku. Kai, har lokutan shekara shi ne ke ɗauke da su: da damina, da kaka, da rani, da bazara, da azumi, da salla. Wannan harafi jakin Kano ne, ba kayan da ba a ɗora masa. Shi ne a cikin "Audu da Bala", shi ne a cikin "ya yanka da wuƙa", shi ne kuma a cikin "ƙarfe uku da rabi".

Bature bai kai mu yawan sunayen da ake amfani da su yau da kullum ba, amma ya fi mu yawan haruffa. In lokacin dogo ne, mai farko da ƙarshe, sai ya ce "in the morning", "in the afternoon", "in the evening". In ɗan ɗigo ne a fuskar agogo ko a sararin sama, sai ya ce "at six o'clock", "at noon", "at midnight", "at dawn", "at sunset". In kuwa rana ce mai suna ko kwanan wata, sai "on Monday", "on 27 August 1991", ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Yaron da ya zo da "da" ɗinsa guda ɗaya, ga shi an ajiye masa ƙofofi uku an ce ya zaɓa, ba a kuwa taɓa gaya masa cewa a harshensa ƙofa ɗaya ce ba. Don haka sai ya kama wadda ya fi ji a bakin malami, watau "in", ya riƙa shiga ta nan ko'ina zai je. Kuskurensa ke nan mai tsari ne, kuma wanda ya san Hausa zai iya faɗinsa tun yaron bai buɗe baki ba. Wannan shi ne abin da Robert Lado ya gina littafinsa na 1957 a kai, cewa a kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo, inda suka saɓa nan ne za a sa ran tuntuɓe. An sha sukar wannan ra'ayi daga baya, aka ce ba kowane kuskure ne ke fitowa daga harshen uwa ba, wannan kuwa gaskiya ne. Amma a kan maganar faɗin lokaci, ni dai ban ga inda ya kasa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuraren da Turanci ya karya dokar kansa. Dare dogon lokaci ne, ya ma fi marece tsawo, bisa ƙa'ida "in" ya kamata ya ɗauka, amma Bature "at night" yake cewa. Yaron da ya rubuta "I read in the night" ya bi ƙa'idar da aka koya masa sau da ƙafa, sai ga jan biro a takardarsa. In ya tambayi dalili, amsar da yakan samu ita ce haka Turawa ke faɗi. Sa'an nan wata rana ya buɗe littafin karatu ya tarar da "in the night" ƙuru-ƙuru, daga nan ya yanke ƙauna, ya ɗauka abin sa'a ce kawai. Alhali kuwa bambancin nan yana cikin bakinsa tun yana goye. Dubi waɗannan jimloli biyu:

Mujiya tana fita da dare.
Ɓarawo ya shigo cikin dare.

Ta farko tana maganar dare ne a dunƙule, kowane dare, a matsayin kishiyar rana. Wannan shi ne "at night". Ta biyu kuwa tana nufin wani dare guda, wani abu ya faru a tsakiyarsa mutane suna barci. Wannan shi ne "in the night". Ba na cewa sun dace ɗari bisa ɗari, domin ba harsuna biyu da ke dacewa haka, amma malamin da ya rubuta jimlolin nan a allo ya gama darasin da wani zai yi mako yana kewaye a kansa.

Haka kuma in safiya ta sami suna, sai "in" ya kauce "on" ya shigo: "in the morning", amma "on Monday morning", "on the morning of 1 October 1960". Dalili shi ne ranar ce ke da iko, safiyar 'yar rakiya ce. Nan ma Hausa ta riga ta nuna hanya, domin muna cewa "ranar Litinin da safe", mu gabatar da rana mu biyo da yankinta. A gaya wa yaro cewa duk inda zai ce "ranar kaza" da Hausa, to "on" ne, ko da safe ne ko da dare. Akwai kuma wuraren da ba a sa harafi sam, watau in an ce "this morning", "tomorrow evening", "last night", "every afternoon". Yaronmu yana da "yau da safe" da "jiya da dare", sai ya juye su kalma da kalma ya sami "today morning" da "yesterday night", wani ma ya ƙara "in" a tsakani don kada "da" ɗinsa ta tafi a banza. Wannan ba wuya gare shi ba, 'yan jimloli kaɗan ne, a jera su gefe da gefe da na Hausa a bar su a bango.

Wanda ya fi damuna shi ne "by", domin shi ya wuce aji ya shiga gari. Ɗauki katin ɗaurin aure ko takardar kiran taro, da wuya ba ka ga "by 10 a.m." ba, mai rubutun kuwa "da ƙarfe goma" yake nufi. A daidaitaccen Turanci ma'anar ita ce "kafin ƙarfe goma ta wuce", watau abin da muke cewa "nan da ƙarfe goma" ko "zuwa ƙarfe goma". A wurin biki ba a yi asarar kome ba, tun da dai ba wanda zai zo kan lokaci. Amma a ɗauki ɗalibin kwalejin koyon aikin lafiya da ke Jega, wanda gobe zai rubuta rahoton majinyaci. In ya rubuta an ba da allura "by 2 a.m.", wanda ya karɓe shi aiki ba zai san ko daidai ƙarfe biyu aka yi ta ba ko kuwa wani lokaci kafin nan, a kan wannan kuwa zai lissafa lokacin allura ta gaba. Ko a ɗauki dillalin albasa a Aliero da ke musayar saƙo da mai saye daga nesa a kan lokacin da mota za ta yi lodi. Ɗaya yana nufin a fara da shida, ɗaya ya fahimci a gama kafin shida. Albasa kuwa ba ta jiran a gyara nahawu.

Akwai kuma abin da ya fi harafi zurfi, wanda littattafan Turanci da aka rubuta a Ingila ba su san da zamansa ba. A lissafinmu na gargajiya, wanda ya bi na Musulunci, dare yana gaba da rana. In tsohuwa a Maiyama ta ce "daren Juma'a", tana nufin daren da ya fara da magaribar Alhamis, shi ya sa ake cewa daren salla tun ba a hau idi ba. Bature kuwa in ya ce "on Friday night", yana nufin bayan an yi wunin Juma'a rana ta faɗi. Tsakanin biyun akwai kwana guda cur. Yaro zai iya sa "on" daidai, ya sami maki, ya kuma saɓa alkawari da awa 24. 'Yan boko da yawa yanzu sun karkata ga lissafin Bature ko da Hausa suke magana, shi ya sa za ka ji mai hankali yana ƙarawa da "wayewar garin Asabar" don a tabbata daren da yake nufi. Malamin da bai san wannan ba ya yi tuya ya manta da albasa.

Haka sunayen da kansu ba su yi daidai wa daida ba. Yammarmu tana kamawa tun daga la'asar, saboda haka ƙarfe huɗu na yamma ne, yaro kuwa ya ce "four in the evening", alhali a wurin Bature ƙarfe huɗu tana cikin "afternoon". "Barka da dare" gaisuwar isowa ce, "good night" kuwa sallama ce, daidai da "sai da safe". Mutum ya shigo zaure ya ce "good night", ya yi ban kwana tun bai zauna ba. Ga kuma "noon". Ana fassara ta da rana tsaka, amma agogon Nijeriya an ɗaure shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Jega kuwa ba ta kai digiri 5 ba, saboda haka rana ba ta tsayawa tsaka a can sai bayan sha biyu da kimanin minti 40. Mai azumi ya san wannan ko ba a gaya masa ba, tun da ya ga mutanen Maiduguri suna shan ruwa shi yana da sauran kamar rabin awa. "Noon" na agogo ne, rana tsaka ta inuwa ce. Abin sha'awa ma, ita kanta kalmar daga Latin ta fito, asalinta sunan sa'a ta tara ce bayan fitowar rana, wajen ƙarfe uku, lokacin da masu ibada a coci ke yin wata addu'a, daga baya ta gusa ta koma sha biyu. Ashe su ma da salla suka fara auna wuni. Mu kuwa "ƙarfe" muka samu daga ƙarfen da ake bugawa don sanar da awa, "agogo" kuma muka aro daga Yarabawa.

Na san akwai masu cewa a bar wannan wahala, Turancin Nijeriya ya zama harshe mai cin gashin kansa, abin da miliyoyin mutane ke faɗi ba a kiransa kuskure. Suna da hujja. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, a cikinsu har da "Kannywood" da "next tomorrow", watau jibi. Kuma su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba, mutumin Ingila yana cewa "at the weekend", na Amurka yana cewa "on the weekend". A matsayinmu na ɗaliban ilmin harshe mun yarda cewa harshe na masu magana da shi ne. Amma mai wannan magana galibi ya riga ya ƙetare, yana da digirinsa a hannu. Yaron Maiyama bai ƙetare ba. Mai duba takardar WAEC ko NECO da daidaitaccen Turanci yake aiki, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko da kuwa jami'ar kimiyya da fasaha ce da aka kafa a Aliero a 2006, wadda wasunsu ke hango gininta daga gonakinsu. Kowane harafin da ya kauce a cikin insha'i ana rage masa maki. A koya masa daidaitacce tukuna, in ya so daga baya ya zaɓi wanda zai yi a kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga manufar gwamnati. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke shi da komawa ga Turanci tun daga tushe, bisa hujjar yawan faɗuwa jarrabawa. A ganina an kama wutsiya an saki kai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, aka ba da Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Amma ko da wane harshe aka ce a koyar, ba wata sanarwa da za ta cire "da" daga kan yaron Jega. Yana nan yana aiki a ɓoye, ko a kira shi fili a yi amfani da shi, ko a ƙyale shi ya yi ta ɓarna.

Kada kuma mu ɗauka ruwan gefe ɗaya yake gudu. A saurari labarai a rediyo, ko a duba jaridun Hausa na intanet, za a ji "a safiyar ranar Litinin", "a daren jiya", "a yammacin yau". Ba zan ce ba Hausa ba ce, amma inuwar "on the morning of" tana bayyane a jikinta, kuma tana neman korar "ranar Litinin da safe" da "jiya da dare" da "yau da yamma", waɗanda su ne maganar uwayenmu. Hantsi da walaha da almuru kuwa sun fara zama kalmomin tsofaffi. A tambayi ɗan sakandare bambancin hantsi da walaha a ga yadda zai yi zuru. Yaron da bai riƙe tsarin harshensa da kyau ba, da me za a kwatanta masa na wani?

An yi aiki a kan kwatanta furuci tun da daɗewa. Littafin da Elizabeth Dunstan ta shirya a 1969 a kan tsarin sautin harsunan Nijeriya goma sha biyu don malaman Turanci aka yi shi, kowa kuma ya san labarin "p" da "f" a bakin Bahaushe. Ƙananan haruffan nan su ne ba su sami gata ba. Ga mu nan kowace shekara muna neman batun kundin digiri, muna komawa kan waƙoƙin da aka riga aka tatse. Me zai hana ɗayanmu ya nemi izini ya tattaro takardun insha'i na 'yan aji uku na babbar sakandare a Jega da Aliero da Maiyama, ya ƙirga kurakuran faɗin lokaci, ya ware waɗanda "da" ta haifa da waɗanda aka kwaso daga katin biki? Daga nan Sashen Hausa da Sashen Turanci su zauna tare su fitar da 'yar takarda mai shafi biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu, a fara da asuba a ƙare da talatainin dare, a ba ɗaliban da za su fita gwajin koyarwa su tafi da ita.